Ɓuntun Inna

Allurar ma'aunin zafi ta sake yin ƙasa, injiniyar ta ƙura mata ido.

"Na gaya miki shara ba ta tayar da inji," in ji manajan tashar lantarkin. "In allurar nan ta taɓa jan layi, mu koma kwal zalla, ke kuma ki san inda dare ya yi miki."

Shekara biyu tana naci kafin ya yarda a haɗa ɓuntun shinkafa da kwal a tanderun, ga shi wutar tana shaƙewa. Sai ta tuno Inna durƙushe gaban murhu tana cewa, "Ɓuntu ba a jibga shi, barbaɗawa ake, a bar masa iska."

"A rage zubi! A buɗe iska!" ta daka wa ma'aikata tsawa.

Allura ta tsaya, ta yi rawa, ta fara hawa. Ɗakin ya kaure da tafi.

Nan take ta kira gida. "Inna, dabararki ta ci!"

"Madalla, 'yar nan. In za ki taho, ki roƙo mini ko kwano ɗaya. Motocinku sun kwashe na bakin injin casa kaf, tun jiya ban hura wuta ba."