Ba a Korar Gawa daga Madina

Ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya ya buga hatimi a takardar tafiyata, a ɗakin waɗanda za a kora.

"Ina aka haife ka, samari?"

"Jurf, nan Madina."

"Babanka fa?"

"Gumel. Ban taɓa zuwa ba."

"To a doka kai ɗan Najeriya ne tun ranar haihuwa. Ka ƙarasa sakandare, ka cika talatin da biyar, ko shugaban ƙasa sai ka nema." Ya yi dariya. "Kar ka manta da ni, ranka ya daɗe."

Shekara ashirin da huɗu ina shan ruwan garin nan, amma haihuwa a nan ba ta ba ni zama ba. Ranar da iƙamata, takardar izinin zamana, ta ƙare, na zama baƙo.

Da jirgi ya tashi, na manna goshi a taga ina neman maƙabartar Baƙi'a. Can muka kai Umma bara. Ita ma ba ta da takarda, amma babu mai tashinta har ranar ƙiyama. Numfashina na shiga yana fita lafiya lau, na rasa yadda zan yafe masa.