Tausar Ido a Sanyuanli

Yaya, ba za a dawo da 'yata Kano ba! Kin san Babanta ya rantse in ta sake kuka a makarantar gwamnatin nan ta Guangzhou, to sai gida wajen Hajiya. Ita kaɗai ce baƙar fata, a makarantar da aka gina tun unguwarmu ta Sanyuanli tana gonaki.

Yau ya ce mu je ya gani da idonsa. Muka leƙa ta taga, sai ga ta a tsaye gaban aji, idanu rufe, tana murza su da yatsu. Muka ɗauka kuka take yi. Ya ce, "Shi ke nan, ɗauko ta."

Na banka ƙofa. Ashe duk ajin haka suke yi! Tausar ido ce, wai kullum sai sun yi don kar karatu ya kashe musu gani, kuma gwani ake fitarwa gaba.

Ko buɗe ido ba ta yi ba ta ce, "Umma, fita mana, kina rikita mu." Ta ci gaba da ƙirga musu da yarensu.

Don Allah ki kunna wa duk gidan kaset ɗin nan!