Tabarmi masu jan zare

A garinmu akwai tabarmin da ba na kowa ba ne. Tun shekarar da amai da gudawa ya yi ɓarna kakanninmu suka haɗa hannu suka saye su, aka ɗinka wa kowace jan zare a baki. A zauren Liman ake ajiye su. Ba a ba da aronsu don biki ko suna, sai gidan da aka yi rashi.

Lokacin Innata tana kwance asibitin garin Isa. Bayan la'asar Gwaggo ta kira ni gidanta wai za ta yi mini kitso, alhali na kaina bai ko tsufa ba. Ta dama mini fura ta zabga sukari, ita da ke auna shi kamar magani. Tun nan hankalina bai kwanta da ita ba.

Ina duƙe tsakanin ƙafafunta na hango samari ta ɓular zana, ɗauke da tabarmi, jan zaren yana reto. Lungunmu suka nufa.

"Gwaggo, ina za su da su?"

"Shanya za a yi masu, ɗiyata. Gara ta shige su."

"Ƙofar Liman babu rana? Ni dai za ni gida."

Ta matse ni da gwiwoyinta. "Bari in ƙare maki, kada mutane su ishe ki da rabin kai."

"Waɗanne mutane?"

Sai ta ƙara saurin kitson.

Har yau in aka yi mini alheri ba dalili, sai na leƙa waje tukuna kafin in yi godiya.