Ƙofofi Marasa Mariƙi

"Ina mariƙan?" Mama ta tambaya, tana laluben sabbin kabad ɗin kicinta.

Na yi dariya. "Yayi ne, Mama. Danna ƙofar za ki yi, ta buɗe."

Wata uku na yi ina zaɓar mata ƙofofin nan masu sheƙi da saman marmara. Ta ci gaba da shafa su. Gishiri kawai take nema.

"Dawo min da tsofaffin. Don Allah."

A bola na tono su, inda kafinta ya zubar. Kowane mariƙi da zaren da Mama ta ɗaura: ƙulli ɗaya, biyu, uku.

"Mama, tun yaushe idon ya tafi?"

"Tun bara," ta ce, tana fuskantar gefen da ba na tsaye.