Rijiya a Gindin Lalle

Kafin Hodi ya iso aiki, Roda ta riga ta ɗaure jan ƙyalle a jikin lallen da ke kusurwar tsakar gida. Yana hango shi ya gane abin da ke tafe, don a gidan nan duk abin da ta ɗaura wa jan ƙyalle, kwanansa ya ƙare.

Wata uku ke nan da ita da mijinta Ephraim suka tare a Gwadangaji. Shi ma'aikacin gwamnati ne da aka turo Birnin Kebbi daga Sakkwato, ya sayi gidan a hannun wani dillalin albasa na Argungu wanda ya bar shi kango shekara da shekaru. Ranar da suke sauke kaya tsoho Hodi ya yi sallama, ya ce aikin gyaran tsakar gida yake nema. Ko cinikin lada bai tsaya yi ba. Ephraim ya ce shi kam ya yi tsuntuwa.

Kuma ya yi ɗin. Tun ba a ga hadari ba Hodi ya nuna musu inda ruwa ke kwanciya da damina. Ya san gefen da gara ke fitowa, ya san inda inuwa za ta kai da la'asar. Aiki yake yi kamar an aiko shi, ba ya neman hira.

Sai dai abin da ke hannun masu gida ba zai ɗauki burinsu duka ba, dole a zaɓi ɗaya. Roda na son daɓen siminti da furanni irin na gidan iyayenta. Ephraim ya fi son a tada katangar baya da ta zube, a jera darbejiya. Sun yi mako biyu suna ja, kowa na kiran Hodi shaida, shi kuwa kowa ya tambaye shi sai ya ce wannan ɗin ma yana da kyau. Famfon unguwa ne ya raba gardamar, da ya yi kwana tara bai ɗigo ba. Fure da bishiya duk ruwa suke sha, don haka rijiya ce gaba da komai. Magana ce ta hankali, ba wanda zai ce sun yi wauta.

Aka kira Maliki, mai haƙar rijiya daga Zauro. Ya zaga gidan sau ɗaya, ya tsaya a kusurwar nan. Bazara ce, ko ciyawa ba ta rage ba, amma lallen kore shar. Masu sana'arsu ba sa neman alamar da ta wuce wannan. Ya buga ƙasa da diddige, ya ce nan ruwa yake, kuma kusa.

Daga ranar Hodi ya rasa sukuni. Shi dai kada a haƙa wurin nan, ko me za a yi a sauran gidan a yi. Ya ce kusurwar ta matsi shaddar maƙwabta. Aka auna, da nisa. Ya ce rijiya kusa da madafa ta fi wa mace sauƙi. Maliki ya ce can marmara ce, sai an sha wuya. Hodi ya ce a fara da katanga, shi zai riƙa ɗebo musu ruwa daga fadama. Ephraim ya yi masa godiya, ya ce ba zai ɗora wa tsoho wannan wahalar ba. Duk ƙofar da ya taɓa, da kirki ake rufe masa ita, wannan ne ma ya fi ciwo.

Ana gobe za a fara, ya sami Roda tana tsintar shinkafa a inuwa.

"Uwargida, wurin ga babu ruwa kusa. Ni ka ba lallen ga ruwa kullum da sahe, shi as sa ya yi kore."

Ta yi dariya. "Baba, wata uku ka yi da mu. Maƙwabta sun ce shekara goma sha biyu ba kowa a gidan nan, kuma lallen bai taɓa bushewa ba. To da can wa yake ba shi?"

Ya buɗe baki. Sai ya dubi cikinta, wanda ya shiga wata takwas, ya haɗiye maganar. Akwai abin da ba a faɗa wa mace mai ciki game da gidan da za ta haihu a ciki.

Washegari ya riga masu haƙa zuwa. Ya roƙi Maliki alfarma ɗaya, a bar masa kamu biyu na farko ya haƙa da kansa. Maliki ya ce ƙarfin hali sai tsoho, ya ja yaransa suka tafi shan koko.

Hodi ya cire takalmansa. Ya sare lallen, ya kwantar da shi gefe a hankali. Ya ture digar da aka bar masa, ya ɗauki 'yar fartanya, da ya yi nisa kaɗan ita ma ya ajiye ta, ya ci gaba da hannu. Daga aljihu ya zaro sabon farin ƙyalle, ya shimfiɗa a bakin ramin.

Roda ta fito da kofin shayi, ta tsaya a kansa.

"Baba, me kake nema haka?"

Bai ɗago ba. Shekara goma sha uku da suka wuce, lokacin da gidan yake nasa, nan ya binne 'yarsa kamar yadda ake yi wa jaririn da bai kai ranar suna ba. Ko bayan gidan ya bar hannunsa shi ke zuwa ba lallen ruwa, kuma ba zai bari bakin diga ya riga shi isa gare ta ba.