Jinin Masunci a Jikin Mahauci

Wani mahauci ya farfaɗo a wani asibiti a Talata Mafara. Bijimi ya soke shi a cinya, ga ledar jini tana ɗiga cikin jijiyarsa.

"Na wane ɗana ne, likita?"

"Ko ɗaya. Rukunin jininsu bai dace da naka ba, sai na wancan."

Ya waiga. Masuncin madatsar ruwan Bakolori ne, wanda suka shekara talatin suna tsokanar juna irin ta mahauta da masunta, kwance da auduga a hannu.

Ƙwalla ta cika wa mahaucin ido, sai ya wayance da shinshina hannunsa. "Wallahi ƙarnin kifi nika ji. A cire mini!"

"A cire mi?" in ji masuncin. "Ai ya kai zuciya. Warke maza, ranar Laraba muna da sauran tsokana ni da kai."