Hanyar Gidan Iya

Zailani ya danna alamar manhajar taswira a kwamfutarsa, ta yi kamar za ta buɗe, sai ta rufe. Ya sake dannawa. Wani ɗan rubutu ya fito da Turanci, wai manhajar ba ta jituwa da sabon tsarin kwamfutar.

Aikinsa ke nan a wani kamfanin gyaran famfunan sola a Dutse: ya tsara wa direbobi hanya a kwamfuta, ya tura ta cikin 'yar na'urar GPS da ake maƙalawa a mota. Duk mako ana share na'urar a zuba sababbin hanyoyi. Amma akwai hanya ɗaya a ajiye a kwamfutar wadda ba ta aiki ba ce, an sa mata suna Gidan Iya. Ita yake nema.

Da safen nan Adama, maƙwabciyar Iya, ta kira shi da wayar aro. Magana tana ta yankewa. Abin da ya iya ji shi ne jikin Iya ya yi tsanani, kuma tana ta tambayar sa. Ya bi kiran, wayar ta ƙi shiga.

Bilkisu, mai kula da kwamfutocin ofis, ita ta sabunta su jiya bisa umarnin manaja. Ta zo ta jona na'urar, kwamfutar ta yi kamar ba ta taɓa ganin ta ba.

"Hanyoyinka suna nan, Malam Zailani, amma a kulle," in ji ta. "Sai na mayar da tsohon tsari, kuma zai kai gobe." Ta dube shi tana murmushi, don ba ta san me ake ciki ba. "Kai ma dai, hanyar gida sai da na'ura?"

Zailani ya ɗauki makullin mota ya fita.

Har Buji babu wahala, kwalta ce. Daga nan taswirar wayarsa ta zama fili fetal, babu hanya babu suna. Ga damina ta yi nisa, gero ya fi motar tsawo, kowane burtali kamar ɗan'uwansa. Zailani kuwa, Allah ya shirye shi, duk zuwan da yake yi idonsa na kan shuɗin layin da ke allon na'ura. Bai taɓa lura da wace kuka ake bari a dama ba, ko a wace rijiya ake karya kwana. Yau ya gane haka, kuma ya ji haushin kansa ƙwarai.

Ya tsaya wajen wani dattijo da ke saƙar igiya a gindin tsamiya, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce Sabon Gida yake nema.

"Wanne daga ciki?" in ji dattijon. "Ai tun shekarar ambaliya, duk ƙauyen da ya tashi ya koma tudu Sabon Gida ne. Wajen wa za ka?"

"Wajen Iya, Baba."

"Yaro, kowane gida da Iyarsa. Ya sunanta?"

Zailani ya sunkuyar da kai. Dattijon ya gyaɗa kai cikin jin daɗi, ya ce madalla, har yanzu akwai 'ya'yan da ke kunyar faɗin sunan uwa. Ya nuna masa Sabon Gidan da ya fi kusa.

Ba shi ba ne. Na gaba ma ba shi ba ne. A hanyar na ukun motar ta kafe a taɓo, ya bar ta a nan, ya naɗe ƙafar wando ya kama tafiya. Yana tafe yana tuna yadda Iya kan ajiye masa fura a ƙwaryar da ba ta bari kowa ya taɓa, da yadda take masa faɗa in ya rame. Ya ƙara sauri.

Bayan la'asar ya hango mutane suna fitowa daga cikin gonaki, wasu da shebur a kafaɗa, biyu na riƙe da makara babu kowa a ciki. Ya gane limamin unguwar su Iya a gabansu. Ya nufe shi.

Liman ya riƙe hannunsa. "Sai haƙuri. Mun jira ka har rana ta karkata. Ta ce in ka zo a gaya maka ta yafe maka duniya da lahira, kuma ka riƙa cin abinci."

Liman ya koma da shi maƙabarta, suka tsaya gaban sabuwar ƙasa. Zailani ya ɗaga hannu zai yi mata addu'a, hawaye na zuba, sai ya tsaya. Ya juya a hankali.

"Malam, don Allah, ya sunanta?"

Bai taɓa tambaya ba, don ba a tambayar babba sunansa. Kamilu, ɗanta ɗaya tilo, shi ya ajiye hanyar nan a kwamfutar lokacin yana aiki a kamfanin, kuma ya rasu tun kafin a ɗauki Zailani aiki, ko fuskarsa bai sani ba. Zailani maraya ne da ya gaji kujerar mamacin da kwamfutarsa, ya ga Gidan Iya a ciki ya zaci wurin gyaran famfo ne, ya bi layin har ƙofar wata tsohuwa da ta ji tsayuwar motar ofishin ɗanta ta fito da sauri. Tun ranar ta riƙe shi ɗa, shi kuma yake kiran ta Iya.